Muhawara: Jel ɗin sikanin, a sake cika roba ko a jefar?

Usaina: Assalamu alaikum manya, barkanmu da sanyi. Ɗaliba ce ni a fannin hoton asibiti, ina da tambaya uku a haɗe. Jel ɗin da muke zubawa kafin sikanin, in ya kusa ƙarewa ana iya tsinka shi da ruwa? In ya ƙare ƙaf, basilin ko man zaitun zai yi? Sannan a wannan hunturun na Jos mata masu ciki suna zabura in an zuba musu shi, halas ne a tsoma robar cikin ruwan ɗumi? Ku yi mini afuwa in tambayar yara ce.

Malam Sabo mai hoto: Wa alaikumus salam Usaina. Ba tambayar yara ba ce, da yawa sun shekara goma suna riƙe da furob, wato kan na'urar da ake ɗorawa a fata, ba su san amsar ba. Abin da za ki fara cirewa daga ranki shi ne cewa jel don santsi ake sa shi. Santsin ƙari ne kawai. Aikinsa na gaskiya korar iska. Sautin da furob ke harbawa yana tafiyar kusan mita 1,540 a daƙiƙa cikin naman jiki, amma a iska kusan 340 ne kawai, kuma iska ba ta da nauyin a zo a gani. To duk inda sauti ya zo iyakar abu biyu da suka bambanta haka, komawa yake yi. Tsakanin fuskar furob da fata, ko da iskar ba ta kai kaurin takarda ba, sama da kashi 99 cikin 100 na sautin zai juya tun bai shiga ba. Jel kuwa kusan duk ruwa ne, halinsa ya yi kusa da na nama, sai sautin ya ratsa kamar babu iyaka a wurin.

Ki gwada gobe da safe: ɗora furob a damtsenki babu jel, ki dubi allo. Fararen layuka ne jere a sama, ƙasa kuma baƙi ƙirin. Ɗiga jel kamar girman ƙwayar dabino ki sake ɗorawa, nan take tsoka za ta fito da zarenta. Gani ya kori ji.

Usaina: To Malam in ruwa ne aikin, me ya sa ba a amfani da ruwan zalla?

Malam Sabo mai hoto: Ruwan yana yi, zama ne ba ya yi. Kafin ki gama auna kan jariri ya gangare ya jiƙa zanen mata. Sai dai a wurin da za a iya tsoma gaɓar, kamar yatsa ko tafin hannu, a zuba ruwa a roba a nutsa hannun, a riƙe furob nesa da fata kamar santimita 1 ba tare da an taɓa ba. Hoton tsinke ko ƙaya da ta karye a yatsa ya fi fita a haka. A tabbatar dai iya fuskar furob ɗin aka tsoma, kada ruwa ya kai mahaɗar waya.

Famasis Dauda: Bari in sa baki a kan tsinkawa, don nan ne gonata. Yawancin jel ɗin nan abu biyar ne. Ruwa tatacce, shi ne mafi yawa. Kaboma, wani farin gari mai kama ruwa, bai cika kai kashi 1 cikin 100 ba. Sinadarin da ke kashe tsamin kaboma ya kumbura ta, yawanci tirayetanolamin, har a kai ma'aunin tsami kusan 7, wato tsaka-tsaki. Sai furofilin gilaikol ko gilisarin don kada ya bushe da wuri. Na ƙarshe maganin hana ruɓa, irin su faraben. Shuɗin launin ado ne kawai, ba ya ƙara wa hoto komai.

In kin zuba ruwa, ɓarna uku kika yi lokaci guda. Kin rage ƙarfin maganin hana ruɓa, wanda dama ɗan kaɗan aka auna daidai da yawan jel ɗin. Kin shigo da ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan, ko na famfo ne ko na rijiya ko na leda. Sannan kaboma ba ta shiri da gishiri ko kaɗan, gishirin da ke cikin ruwan rijiya ya isa ya sake ta, ki ga jel ya koma kamar kunun da ya kwana. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa yake tsinkewa a jikin mai zufa. Kuma wanda ya tsinka sai ya girgiza robar, girgizar ta cika shi da ƙananan kumfa. Iskar da aka sayi jel don a kora, ita aka dama a ciki.

Injiniya Bulus: Ni mai gyaran na'ura ne, maganar mai ce ta taso ni. Usaina, don Allah kada basilin ya kusanci furob. Haka man zaitun, man gyaɗa, man kaɗe, man jarirai, da duk wani man shafawa. Fuskar furob roba ce mai laushi da aka manne a kan jerin ƙananan duwatsu masu harba sauti, a na ciki sukan kai 128 ko fiye. Mai yana shiga robar ya kumbura ta, gam ɗin ya saki, iska ta samu wurin zama a ƙarƙashi. Daga nan kullum akwai baƙin zare da ke saukowa daga saman hoto, ko wa aka ɗora wa. Ba rana ɗaya yake yi ba, shi ya sa mutane ke musu. Furob kuma yana cikin abubuwa mafi tsada a jikin na'urar, kuma ba a kasuwar Taminus ake sayensa ba.

Dakta Lawal: Injiniya, amma fa tarihi na gefen man zaitun. Ian Donald, likitan Gilasgo ta Birtaniya da ya fitar da aikinsa na sikanin a 1958, da man zaitun yake shafe cikin mata.

Injiniya Bulus: Ranka ya daɗe, gaskiya ne, amma furob ɗinsa ba irin namu ba ne. Sautin yana ratsa mai, ban musa ba. Robar ce ba ta jurewa. A buɗe littafin na'ura, shafin kula da furob, galibi za a ga an jero mai, asitom, aidin da barasa cikin abubuwan da aka hana. Sifirit ma da ake gogawa kullum yana busar da robar har ta tsage.

Tun da an zo nan, ga yadda ake raba laifin jel da laifin furob. A goge furob ya bushe, a riƙe shi a iska, a ƙara hasken hoto. Fararen layukan sama su fito a jere ba yankewa daga wannan gefe zuwa wancan. In akwai giɓi a tsaye, ba jel ba ne, furob ne ya ji ciwo. In layukan lafiya suke amma a jikin mutum ana ganin inuwa daga sama, to iska ce: jel ya yi kaɗan, ko gashi ya riƙe kumfa, ko gefen furob ya ɗaga. Mai gashin ƙirji a cuɗa jel ɗin cikin gashin da yatsa tukuna.

Sista Rifkatu: Duk kun yi maganar hoto da na'ura, ni ta mara lafiya zan yi. Tsinkawa da mai kowa ya yarda ba kyau. Abin da kowa ke yi kuma ba ya ganin laifinsa shi ne ɗura ƙaramar roba daga jarka mai lita 5. Robar mililita 250 ce, jarka ɗaya za ta cika ta sau 20, kuma sau 20 ɗin nan ba a taɓa barinta ta ƙare ba balle a wanke. Sabo kan tsoho, sabo kan tsoho. Bakin robar ya taɓa cikin wannan, ya taɓa safar hannun wancan, in an saki matsi ta zuƙe abin da ke bakin ta mayar ciki. Akwai ƙwayoyin cuta masu son danshi, Pseudomonas da Burkholderia, ita ta biyun har maganin hana ruɓan take ci ta rayu.

Ba tatsuniya ba ce. A 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wani jel da aka samu Pseudomonas da Klebsiella a cikinsa, bayan masu jinyar tiyatar zuciya sun kamu a wani asibiti a Mishigan. A 2021 an janye jel ɗin wani kamfanin Kanada daga kasuwa saboda Burkholderia da ta shiga jinin marasa lafiya. A ƙarshen shekarar Ingila ta fitar da ƙa'ida: a daina sake cika roba, a rubuta ranar da aka buɗe, bayan wata 1 a jefar ko da saura.

Hajiya Binta ungozoma: Sista, Ingila kika ce fa. Ƙaramin asibitin haihuwa a Unguwar Rogo ko Bukur da ke duba mata 30 a ranar awo, kuɗin sikanin ɗin ma da ƙyar ake biya, ki ce ya riƙa sayen ƙananan robobi yana jefarwa? Ko dai a ƙara wa matan kuɗi, ko a ci gaba da ɗurawa a ɓoye. Gara a koya wa mutane yadda za su ɗura da tsafta.

Sista Rifkatu: Hajiyata, araha ba ta ado. Jinyar mutum ɗaya da cuta ta shiga jininsa ta fi kuɗin jel na shekara.

Hajiya Binta ungozoma: Na ji, amma a lafiyayyar fatar ciki, ba rauni ba allura, ta ina za ta shiga jinin?

Dakta Lawal: Ku biyun kowa na da rabin gaskiya, kuma rabon a bayyane yake. Tambayar ba jarka ko roba ba ce, tambayar ita ce ina jel ɗin zai taɓa. Lafiyayyar fata katanga ce, jel na roba ya wadatar ga cikin mai juna biyu, hanta, ƙoda, mafitsara, maƙoƙo. Amma akwai wuraren da ba a sassauci, dole sai jel ɗin da aka kashe ƙwayoyin cutarsa tun daga kamfani aka rufe a 'yar leda mai giram 20, a yaga a yi amfani sau ɗaya a yar da ragowar. Duk inda allura za ta bi: sa kanula, wato robar ƙarin ruwa a jijiya, da taimakon sikanin, zuƙe ruwan ciki ko na huhu, ɗebo nama, allurar kashe jijiya. Duk inda fata ta buɗe: rauni, ƙuna, ɗinkin tiyata. Sikanin ta farji ko ta dubura. Jariran da ke ɗakin kwalaba, masu kwanciya a ɗakin kulawa ta musamman, da wanda garkuwar jikinsa ta faɗi. Haka wanda za a yi wa tiyata a wurin cikin awa 24.

Wannan na ƙarshen shi ne amsarki Hajiya. Mace ta zo da naƙuda, an zuba jel na roba an saurari bugun zuciyar jariri, an goge sama-sama da tishu, bayan awa 2 an shiga da ita tiyata, wuƙa ta bi ta wurin. Kuskuren da aka fi yi kenan, har a wurin sa kanula: a leƙa jijiya da jel na roba, sannan a shafa maganin tsaftace fata a kan ragowarsa. Maganin ba ya ratsa jel. Sai an wanke an busar tukuna.

Wani abu ga masu ɗebo ƙwayoyin maƙoƙo ko na nono da siririyar allura: in jel ya bi allurar ya hau gilashi, yana fasa ƙwayoyin halittar ya bar dusa-dusa mai launi, likitan ɗakin gwaji ya dawo muku da takarda cewa samfur bai karantu ba. A goge wurin shigar allura tas.

Hajiya Binta ungozoma: To wannan na karɓa, ɗakin haihuwa a raba shi da ɗakin awo. Saura yadda za a ɗura na ɗakin awon.

Sista Rifkatu: Ban sauka daga ra'ayina ba, amma da babu gara ba daɗi. In ya zama dole, kada a taɓa ƙari a kan saura. A tanadi robobi ninki biyu, rabi na aiki rabi na shanya. Wadda ta ƙare a kwance murfin, a wanke ciki da waje da ruwan zafi da sabulu, har cikin tsinin murfin da ɗan buroshi, don nan busasshen jel ke maƙalewa. A jiƙa minti 10 a ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.1, wato in na kashi 3.5 ne na kasuwa, awo 1 a ruwa awo 34. A ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce, a kife ta bushe ƙarau. Ɗigon ruwa ɗaya da ya rage ya rushe aikin. Wajen ɗurawa bakin jarka kada ya taɓa bakin roba, kuma kada a sa cokali ko sirinjin da ke yawo a tebur. A manna filasta a rubuta kwanan wata. Ita jarkar ma a rubuta ranar da aka buɗe ta, a ajiye a inuwa, rana na tsinka jel. Wajen aiki a ɗiga daga sama, tsinin kada ya taɓa fata ko furob, a rufe bayan kowane mutum.

Famasis Dauda: A ƙara da duba lambar NAFDAC, lambar rukuni da ranar lalacewa. Jarkar da ba ta da ko ɗaya, wadda aka ɗura a bayan shago, ba wanda ya san da wane ruwa aka dama ta. Jel da ya yi gajimare, ya raba ruwa a sama, ko ya canja wari, a zubar. Sai dai wanda ya gurɓata sau da yawa garau yake, ido ba ya kamawa.

Usaina: Allah ya ƙara ilimi. Saura ta ɗumamawa, don da safen nan sai ka ce daga firij aka ciro shi.

Sista Rifkatu: Kofin ruwan ɗumi shi ne mafi muni. Ruwan da ya wuni da ɗumi-ɗumi gonar Pseudomonas ce, kuma galibi kife robar ake yi, tsinin na cikin ruwan. In za a ɗumama, da busasshen zafi, robar a tsaye, kada ya wuce zafin jiki, kusan digiri 37, kuma kada ta kwana a kan na'urar ɗumamawa. Ga jarirai da aikin allura kada a ɗumama na roba sam. Hanya mafi sauƙi, ki matsa a tafin safar hannunki, ki riƙe daƙiƙa 20, ki ce mata “Maman, akwai ɗan sanyi,” sannan ki shafa. Rabin zaburar rashin sanarwa ne.

Malam Sabo mai hoto: Kada in manta da sikanin ta farji, don can ne ɗalibai ke faɗuwa. Jel biyu ne: kaɗan a cikin kwaroron roba kafin a sa wa furob, sannan a ja a shafe da yatsa har kumfar da ke kan tsinin ta fita. In hoton mahaifa ya fito da duhu rabi, kumfar nan ce, ba ciwo ba. Na waje kuma na leda. Mai yana huda kwaroron roba, wani dalilin kenan na guje wa basilin. Macen da ake bibiyar ƙwanta don neman haihuwa, in lokacin ya kusa, a jiƙa waje da ruwan gishirin asibiti maimakon jel, don jel na rage motsin maniyyi. Bayan an gama a cire kwaroron, a goge jel ɗin tas, sannan a sa maganin kashe cuta mai ƙarfi wanda kamfanin na'urar ya amince da shi. Kwaroro na iya yoyo, ba ya maye gurbin wanki.

Anti Nanret ta sashen gashin ƙashi: Ku masu hoto in jel ya gaza hoto kawai kuke rasawa. Mu a fisiyo ƙuna ce. Namu sautin ba leƙe yake ba, zafi yake kaiwa cikin tsoka. Sauti mai saurin kaɗawar megahaz 1 na kaiwa zurfin santimita 3 zuwa 5, megahaz 3 kuma 1 zuwa 2. Ƙarfi yawanci tsakanin wat 0.5 da 2 a kowace murabba'in santimita, minti 5 zuwa 10. In babu isasshen jel, ƙarfin da bai shiga jiki ba kan na'urar yake komawa, ƙarfen ya yi zafi, dutsen ciki ya lalace. Don haka jel tukuna, a ɗora kai, sannan a kunna. A kashe kafin a ɗaga. Kada a kunna shi yana kallon sama.

Kaurin jel kamar milimita 2 zuwa 3, kuma a riƙa tattaro shi, don zagayen yana ture shi gefe, a wannan iskar ta hunturu kuma minti 3 ya isa ya fara bushewa. Hannu kada ya tsaya, zagaye a hankali kamar santimita 4 a daƙiƙa, faɗin wurin kada ya wuce ninki 2 zuwa 3 na fuskar kan. Mara lafiya ya ce yana jin ɗumi, daidai ne. Ya ce yana jin ciwo can cikin ƙashi kamar ana sara, fatar ƙashi ce ta ɗau zafi, a rage ƙarfi nan take. Idon sawu da yatsu, inda kai ba ya zama daram, a koma cikin ruwa a robar wanka, ba kwanon ƙarfe ba, nesa da fata kamar santimita 1, ana share kumfar da ke taruwa a fata da fuskar kan.

Usaina: Anti, na ga ana shafa maganin ciwon jiki a maimakon jel, wai sautin na tura shi ciki.

Anti Nanret ta sashen gashi: Ana yi, amma a duba irin maganin. Mai garai-garai irin dikulofenak na jel yana barin sauti ya wuce. Farin kirim mai kauri, wanda aka buga da iska wajen haɗawa, tare sautin yake kusan gaba ɗaya, sai a yi minti 8 ana tausa kawai da na'ura a kunne.  Tun da ɗalibai na karantawa: ba a gashin nan a cikin mai juna biyu ko ƙugunta, a ido, a 'ya'yan maraina, a kan ciwon daji, kusa da batirin zuciya, a ƙafar da jini ya daskare a jijiya, ko inda fata ba ta ji. A gaɓoɓin yara masu tasowa ma ana kaffa-kaffa. Na hoto daban, ƙarfinsa bai kama ƙafar wannan ba, kada mai ciki ta karanta ta tsorata.

Dakta Lawal: Ƙarin gargaɗi ɗaya ga 'yan ɗakin gaggawa. Jel ɗin sikanin ba na farfaɗo da zuciya ba ne. Na wancan an sa masa gishiri don ya ɗauki lantarki, wannan ba don haka aka yi shi ba. Robobin sun yi kama, a raba musu wurin ajiya.

Hajiya Binta ungozoma: Famasis, a ƙauye fa, bayan Mangu ko Bokkos, jel ya ƙare ranar awo. An ce ana dama na sitaci?

Famasis Dauda: Ana yi Hajiya, an ma gwada shi a bincike, na masara da kuma na garin rogo a gabashin Kwango, hoton bai yi nisa da na kamfani ba. Na masara awo 1 na sitaci a ruwa awo 10. A dama da ruwan sanyi tukuna don kada ya yi gudaji, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kauri ya fara haske kamar kokon da aka tace, a juye da zafinsa cikin busasshiyar roba mai jure zafi, a rufe ya huce. Farin sitaci zalla, ba gasarar da ta yi tsami ba, ba kuma na guga mai turare ba. Babu maganin hana ruɓa a ciki, abinci ne ga ƙwayoyin cuta, don haka ni na yau na yau ne, gobe a dama sabo. Lafiyayyar fata kaɗai. A wanke furob da ɗanyen tsumma da zarar an tashi, don in ya bushe ɓawo yake yi a gefen robar, masu kankarewa da farce kuma su ne abokan cinikin Injiniya.

Injiniya Bulus: Da farce ma da sauƙi, wasu da reza suke yi. Tsumma mai laushi da ruwa da ɗan sabulu, a bar shi ya jiƙa minti 2, zai fita da kansa.

Usaina: Na kwafe duka. Wata mata ta yi jajayen ƙuraje daidai inda aka shafa jel, washegarin sikanin. Cuta ce ko me?

Famasis Dauda: In shatar ta bi daidai inda jel ya kwanta, da ƙaiƙayi, ba zazzaɓi, ya fi kama da fatar ba ta shiri da furofilin gilaikol ko maganin hana ruɓa. A wanke, likita ya duba, a rubuta a katinta, zuwa na gaba a sauya wani iri marar launi marar ƙamshi. In kuwa ƙurajen masu ruwa ne a gindin gashi, kuma an samu mace ta biyu da ta uku a mako guda, ku ɗauke robar da jarkar duka, ku rubuta lambar rukunin, ku kai ɗakin gwaji a shuka a ga ko akwai ƙwayoyin cuta.